Takalman da Fadila Ta Ɓoye

Fadila ta dawo daga Ingila cikin marka, a shekarar da soja suka shirya miƙa mulki ga farar hula, Katsina ta cika da tutocin jam'iyyu da motoci masu lasifika. Yayarta Rabi ce ta shirya tarbar. Ta sa aka shafe zauren gidansu na Ƙofar Marusa da farar ƙasa, ta yi dambun nama, ta soya dubulan, ta ciro wa kakarsu Hajiya Hajo zanen da ba ta ɗaurawa sai da Sallah.

Wanda ya yi shekara guda a Turai, ƙiba ake jira ya dawo da ita, da hasken fata, da akwati mai nauyi. Fadila kuwa ta sauko daga mota a rame, wuya ya yi tsawo. Matan unguwa da suka shigo barka da zuwa suka karɓi tsarabar sabulu da ɗankwali, suna fita suna cewa, "Wagga Ingilar ba ta karɓe ta ba." Rabi ta ji, ta ce masu, "Haba, karatu ne," amma can ƙasan ranta wani sanyi ya ratsa.

Sanyin bai daɗe ba, domin Rabi ta ga abin da matan ba su gani ba. Kafin kowa ya miƙa hannu, Fadila ta saɓa akwatinta a kafaɗa ta ratsa zaure da shi, taku ɗaya bayan ɗaya, ba sauri ba nawa. Wannan fa yarinyar da tsaka ke sa ta ihu, wadda ko kasuwa ba ta zuwa sai Rabi na gaba tana riƙe da gefen mayafinta.

Su biyun marayu ne, Hajiya Hajo ta raine su, dukansu kuma malaman makaranta ne. Lokacin da gurbin ƙaro karatun nan ya fito, Rabi aka fara yi wa tayi. Aurenta ya mutu ke nan ta dawo gida, tsohuwa kuma ta faɗi a bakin rijiya ta goce a ƙugu. Rabi ta ce ba za ta bar ta ba, aka ba ƙanwarta. Kowa ya sa mata albarka, aka ce mai haƙuri shi ke dafa dutse ya sha romo. Masu wannan maganar dai ba su cika tsayawa su ga wanda aka zuba wa romon ba.

Amma Rabi tana da nata abin jira. Ƙanin mahaifinsu, Alhaji Tanko, ya tsaya takarar majalisar jiha, ya kuma yi alkawari in ya ci zai kai mahaifiyarsa Makka a jirgi, tare da jika ɗaya da za ta kula da ita. Ya ci. Ya koma wani gida mai furanni a GRA, aka fara maganar fasfo da allurar rigakafi. Kujerar jikar nan, duk Ƙofar Marusa an san ta Rabi ce. Ita ke dama wa tsohuwa kunu, ita ta san maganinta, ita ke zama kullum bayan la'asar ta ɗora ƙafafunta a cinya tana murza su da man kaɗe. Har ta ba tela ɗinkin fararen kaya.

Hajjin ba shi ne na farko ga Hajiya Hajo ba. Tana yarinya ta bi iyayenta gabas a ƙasa, suka yi shekaru a hanya, ta tafi da wasan 'yartsana ta dawo budurwa. Kowa a gidan ya san haka, shi ya sa ba mai sauraro. Da ta ce, "Lokacin da muka hita ta Ƙofar Sauri," sai jikoki su fara zamewa. Rabi takan daure har ayari ya kai Barno, daga nan ta rufe kwalbar man ta ce, "To Kaka, an ji. Jingina ki huta."

Wata ranar Lahadi da hantsi, suna ɗaki suna jera kayan Fadila, Rabi ta zaro wani ƙunshi daga ƙasan akwati, an naɗe shi da tsohon tawul. Takalma ne irin na soja, masu igiya, masu nauyi kamar turmi, bakinsu ya goge, akwai sauran baƙar laka a ƙasansu.

"Wannan na wane gardi ne?"

Fadila ta yi dariya, ta tura ƙyauren ɗakin. "Nawa ne, Yaya. Amma don Allah ya tsaya nan, kada Baba Tanko ya ji."

Ta zauna bakin gado ta ba ta labari. Da aka yi hutun bazara, wata malamarsu ta tara su, mata zalla, akwai 'yar Indiya, akwai 'yar Kenya, suka hau jirgin ƙasa zuwa arewa, ƙasar duwatsu da tumaki. Daga nan suka kama tafiya a ƙasa, kowa da jakarta a baya, kusan mako guda. Su kwana cikin tanti, in an yi sa'a su sami bukkar makiyaya.

"Mota ta lalace maku?" in ji Rabi.

"Babu mota, Yaya. Tafiyar ce muka je yi."

"Zuwa ina?"

"Zuwa wancan gefen."

"Mi ke akwai a wancan gefen?"

"Tashar jirgin ƙasa. Muka hau muka dawo."

Rabi ta tafa hannu. "Lallai Turawa sun ga ta zama. Mutum da kuɗin motarshi!"

Fadila ba ta ji haushi ba, abin da ya ƙara ƙona Rabi ke nan, don a da da tuni ta cika ta yi fam. Ta ci gaba a hankali. Ta ce akwai ranar da ruwa ya yini yana dukansu, ƙafarta ta yi bororo ta fashe, ta zauna kan wani dutse ta yi kuka kamar yarinya, tana kiran sunan Rabi. Sauran suka tsaya can gaba suna jiranta, ba wadda ta zo ta ɗauke mata jakar. Da ta gaji da kukan ta ga ba mai zuwa, ta yi sallar azahar a kan dutsen nan cikin ruwa, ta ɗaure igiyar takalmi, ta tashi.

"Tun ranar, Yaya, in abu ya taso mani, sai in ji na san inda zan dafa."

Rabi ta juya takalmin a hannunta. Sunanta aka kira a kan dutsen, aka kuma tashi ba tare da ita ba. Takardar shaidar karatun da Fadila ta kawo ba ta dame ta ba, ko agogon hannu, ko Turancin da ya ƙara santsi. Wannan dutsen ne ya tsaya mata a wuya. Da ita ta tafi, da ita ke zaune bakin gado tana ba da labari a hankali haka.

"Allah ya kyauta," ta ce, ta mayar da su cikin tawul.

A makon nan ne Alhaji Tanko ya zo da wata magana. Yana tsaye tsakar gida yana kaɗa makullin mota ya ce, "Hajiya, na yi tunani. Ita Fadila ta san jirgi, ta san cike takardu, ga Turanci. Ko da ita za a tahi?"

Tsohuwa ta ce, "Rabi ce tawa. Ita ta san ciwona."

"To, a dai sake dubawa," in ji shi, ya fita.

Mai hankali da ya riƙe maganar tsohuwa ya kwanta a kanta, don a gidan nan Hajiya Hajo ba ta magana biyu. Rabi kuwa "a sake dubawa" ta riƙe. Ta kwana da ita, ta tashi da ita, ta shiga aji da ita. In ta ga Fadila na tsinke zogale kusa da Kaka suna dariya, sai ta ji kamar ana auna kujerarta da tsawon ƙanwarta. An ba ta Ingila, yanzu kuma Makka? Ita fa, sai kwalbar man kaɗe?

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Alhaji Tanko ya biyo gaida mahaifiyarsa kamar yadda ya saba, cikin babbar riga mai aska takwas. Aka shimfiɗa masa darduma a inuwar bedi, aka yi gaisuwa mai tsawo, ya gida, ya jiki, ya jama'a, ya aka ji da masu neman alfarma. Fadila ta kawo ruwa ta durƙusa gefe. Rabi ta shiga ɗaki ta fito da ƙunshin tawul, fuskarta ɗauke da dariya irin ta mai wasa.

"Baba, ɗiyarka ta yi maka rowar tsaraba. Ga babbar nan ta ɓoye ƙasan akwati."

Ta zazzage takalman gabansa, busasshiyar laka ta zuba kan darduma.

"Yaya," in ji Fadila.

Rabi ta kwashe labarin ta faɗa, tana dariya, tana ƙara gishiri inda ya dace. Kwana cikin daji. Tanti. Ba namiji ko ɗaya nasu, ba muharrami. Wando ma, don wa zai hau dutse da zane? Ba ta yi ƙarya ko ɗaya ba, ta dai san wanda take gaya wa.

Alhaji Tanko ya tura hula ƙeya. "Ke Fadila, gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Baba."

"Gwamnati ta biya maki jirgi ki je ki yi karatu, ki ɓige da gantali cikin duwatsu kamar wadda aka kora daga gari? Kin san ko ni wane ne yanzu? 'Yan adawa su ji ɗiyar Tanko na kwana daji ƙasar Turawa, ai sai su sa a lasifika! Talaka ke tahiya ƙasa don ba shi da yadda za shi yi. Ke mi kika rasa?" Ya juya ga mahaifiyarsa. "Hajiya, na janye maganata. Rabi ce dai."

Rabi ta sunkuyar da kai don kada a ga fuskarta.

Hajiya Hajo ba ta ko dubi ɗanta ba. Ta miƙa sandarta ta jawo takalmi guda, ta ɗaga shi, ta kifa, ta bi dunduniyarsa da babban yatsa.

"Ta waje kike ci," ta ce. "Kamar ni. Zo nan, miƙo ƙahwar."

Fadila ta matso ta miƙa. Tsohuwa ta ɗora ƙafar a cinyarta, ta latsa diddige, ta shafa kantar da ta fito a gefe, ta tsaya kan babban yatsa inda farce ya fita wani sabo ke tsirowa.

"Gangara ce ta cire wannan, ba hawa ba."

"Gangara ce, Kaka."

"Mi kika hwara yarwa daga cikin kaya?"

Fadila ta zaro ido. "Ya aka yi kika sani?"

"Kowa na yarwa. Mi kika yar?"

"Madubi da wani littafi mai kauri. Na bar su a bukkar makiyaya."

Tsohuwa ta ƙyalƙyale da dariya har tari ya sarƙe ta. "Madubi! Ni tasar jan ƙarhe ce ta innata, da na rantse ba ni rabuwa da ita. Bayan mun wuce garin Fatlomi na tura ta ƙarƙashin wata ƙaya, na ce ɓacewa ta yi. Na sha duka, amma wuyana ya huta. To ranar da kika yi kukan, don kin yi, gaba kika duba ko baya?"

"Baya, Kaka. Sai na ga bayan ma ya yi nisa."

"Shi ke nan. Ranar mutum ke zama matahiyi."

"Hajiya," in ji Alhaji Tanko, "ai ba ɗaya ba ne. Ke ibada kika tahi."

"Tanko, ƙahwa ba ta san inda za a ba. Kai da ka je a cikin jirgi aka sauke ka kamar buhun gero, yi mani shiru."

Daga nan ta ɗauko labarin, ba daga Ƙofar Sauri ba, daga inda Rabi ke rufe kwalba. Ta ratsa da su ƙasar Wadai, inda suka yi damina guda suna noma wa wani mutum don su sami guzuri. Ta faɗi yadda ake ɗaure ƙafa da tsumma in fata ta ƙare, da yadda mutum ke sa tsakuwa a baki ya yaudari ƙishirwa. Fadila na tambaya, tsohuwa na amsawa, wani lokaci tsohuwa ce ke tambaya, wai su can da me suke kunna wuta in itace ya jiƙe. Ta kai su wata rijiya kafin garin Fashir, inda innarta ta kwanta da zazzaɓi ba ta tashi ba. Aka binne ta gindin wata kuka, da gari ya waye ayari ya ɗaga, ita tana tafe tana waiwayen kukar nan har ta zama kamar tsinke.

Rabi ta ɗago kai. Shekarunta nawa tana murza ƙafafun nan, ba ta taɓa sanin inda aka binne uwar Kaka ba. Ta ɗauka a Katsina ta rasu kamar kowa. Ta so ta ji tausayi, ta kuma ji, amma abin da ya fi shi ƙarfi shi ne ganin hannun Kaka har yanzu yana kan ƙafar Fadila, yana shafawa.

Kiran la'asar ne ya tsayar da hirar. Tsohuwa ta share ido da gefen zane ta ce, "Tanko, da Fadila za ni."

"Hajiya, yanzu na gama cewa..."

"Na ji ka. Ina son in taka daga Makka zuwa Mina da ƙahwata, ko rabi ne, kamar yadda na yi da babana. In na gaza a ɗauke ni. Rabi ba ta bari."

"Kaka, ƙugunki," in ji Rabi. Muryarta ta fito siririya. "Likita ya ce..."

"Kin ji ko? Ɗiyar nan sona take har ba ta bari in je bakin zaure. Da na miƙe sai ta ce zauna, Kaka. Allah ya yi maki albarka, Rabi, ba ni da kamarki. Amma ke da na yi nishi za ki kira mota. Wagga za ta tsaya can gaba ta jira ni."

Alhaji Tanko ya karkaɗe lakar da ta taɓa rigarsa, ya ce ai shi ke nan, abin da Hajiya ta ce. Sai dai a ɓoye takalman nan, kuma maganar kada ta wuce zaure.

Da suka koma ɗaki, Rabi ta jira faɗa. Ta ma shirya amsoshinta. Fadila ta naɗe takalman cikin tawul ta tura ƙarƙashin gado, ta ce, "Yaya, zan gaya wa Kaka ba ni zuwa. Kujerarki ce."

"Sadaka za ki ba ni?"

"Ba sadaka ba ce. Ke kika..."

"An ba ki Ingila na yi shiru. Wannan ma riƙe. Ki dai tuna maganin safe ba a sha sai ta ci wani abu, kuma ba ta son kunu da tsami." Ta buɗe adaka ta ciro fararen kayan da tela ya kawo, ta jefa kan gado. "Sai a rage tsawon."

Ba a yi wata guda da rantsar da sabuwar gwamnati ba maniyyata suka fara tafiya Kano, inda jirgi zai kwashe su. A gidan Alhaji Tanko na GRA aka yi sallama, da safe, motoci sun cika ƙofa, 'yan jam'iyya na ta a yi mana addu'a. Rabi ta gyara wa Kaka zama a bayan mota, ta cusa mata matashi a ƙugu, ta miƙa wa Fadila kwalbar man kaɗe sabuwa. Tsohuwa ta riƙe hannun Rabi ta ce ta yafe mata, ta ce mi za a sawo mata. Rabi ta ce duk abin da ya samu. Mota ta tashi, ta hango kawunan nan biyu ta gilashin baya, sun riga sun karkata ga juna.

Direban gidan ya ce wa Rabi ta shigo ya sauke ta gida. Ta ce ya bari. Ta kama hanya da silifas ɗinta, ta bar inuwar itatuwan GRA ta shiga rana, ta bi gefen tsohuwar ganuwa. Kafin ta kai Ƙofar Marusa mutum uku sun tsayar da ita, lafiya Malama Rabi, ina motar gidan Alhaji? Ta ce lafiya lau. Zufa ta jiƙe mata baya, tsakanin yatsunta ya saɓule, ba ta kuma ji wani abu ya buɗe mata ba. An ce tafiya mabuɗin ilimi. Jakunan da ke jigilar itace daga Jibiya sun fi kowa tafiya a ƙasar nan.

Gidan shiru, tabarmar Kaka na jingine da bango. Rabi ta shiga ɗaki ta durƙusa ta jawo ƙunshin tawul daga ƙarƙashin gado. Ta zura ƙafa. Sun matse ta, ƙafar Fadila ƙarama ce tun suna yara. Ta cusa dai da ƙarfi, ta ɗaure igiyar yadda ta ga dama, ta fito tsakar gida. Ta zagaya rijiya, ta zagaya bedi, ta sake zagayawa, takalman na ƙwal-ƙwal a kan daɓe, kaji na gudu. Diddigenta ya fara zafi, ta ci gaba. Da zafin ya kai inda ba ta iya takawa, ta zauna kan turmin da ke kife, ta duba baya, ƙofar ɗaki ce taku kaɗan, ta duba gaba, zaure ne.

Ta ɓata lokaci kafin ta iya zare su. Bororo biyu sun taso, ɗaya ya fashe. Ta ɗauko tsohuwar kwalbar man kaɗe, da sauran kaɗan a gindi, ta ɗora ƙafarta a kan cinyarta tana murzawa, tana lissafin yanzu sun wuce Kankiya, Kaka kuma ta kai labarin ina.